Wa Ke da Iko da Wayar Wutar Shagonka? Abin da Gobarar Layinmu Ta Koya Mana



Tun da aka kammala gyaran wutar layin shagunanmu, mutane da dama sun tare mu a bakin kasuwa da wurin ɗaurin aure suna tambaya: me ya sa aikin da aka ce na mako biyu ne ya ci wata huɗu, kuma me ya sa kuɗin da aka tara bai isa ba sai da aka sake zagayawa da faranti? Haƙƙinku ne ku ji amsa, tunda guminku ne. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, duk mai so ya je ya duba, kwabo bai ɓata ba. Abin da muka kawo a nan shi ne labarin yawon ofisoshin da muka sha, domin abin da muka koyo bai kamata ya kwanta a cikin fayil ɗin sakatare ba.

Ga waɗanda ba sa gari a lokacin, ga yadda abin ya faru. Cikin hunturun da ya wuce ne, wajen ƙarfe biyu na dare. An ɗauke wuta tun la'asar, kowa ya rufe shagonsa ya tafi gida, abin da ke kunne ya bar shi a kunne. Da aka dawo da ita, ba a jima ba mai gadi ya ji ƙaurin roba. Kafin ya gano inda yake fitowa, silin ɗin shagon tsakiya ya kama. Akwai yaronmu ɗan shekara 16 da ke kwana a shagon kawunsa na kusa da wurin. Hayaƙi ne ya tashe shi, ya lalubi ƙofa a cikin duhu, roba mai narkewa ta zubo masa a hannu kafin ya fita. Maƙwabtanmu Yarbawa da Ibo suka fito da bokitai da garin sabulu, wani ya kira 767, 'yan kwana-kwana suka iso suka ƙarasa kashewa. Shaguna 3 cikin 14 sun ƙone ƙurmus, wasu biyu rufinsu ya tafi. Ba a rasa rai ba, alhamdulillahi.

Da gari ya waye muka shiga cikin toka muna dubawa, kuma gaskiya ba mu ji daɗin abin da muka gani ba. Mita ɗaya ce ke ba shaguna bakwai wuta. Daga bayanta wata siririyar waya ta bi ta cikin silin, kowa ya zo ya fere ta ya ɗaura tasa, ya naɗe da leda ko salatif. A kan wannan wayar akwai firiza uku, da dutsen gugar tela, da hitar dafa ruwa. Inda ya kamata a ga fis, wani ya cire ya murɗa guntun waya mai kauri a wurin, don kada ya riƙa tsinkewa yana damun mutane. Babu wanda ya kawo mana wannan daga waje. Mu muka yi, a hankali, shekara da shekaru, kuma har da masu rubuta wannan bayani a cikin waɗanda suka gani suka yi shiru.

A taron gaggawa da aka kira, an yanke shawarar a tara kuɗi a sake wayarin ɗin layin gaba ɗaya. Nan aka rabu gida biyu. Wasu suka ce a kira yaron nan namu da ya saba yi mana gyara, a sayo waya a Alaba, cikin kwana goma an gama. Wasu suka ce a'a, wannan karon a bi doka. Sai wani dattijonmu mai sayar da hatsi ya juyo ya ce, “To Sakatare, dokar wa? Yau shekara 30 ina Ikko, ban taɓa ganin wanda ya zo ya duba wayar cikin shago ba. NEPA kuɗinsu kawai suka sani.” Babu wanda ya iya ba shi amsa. Aka ɗora mana, mu uku, nauyin mu je mu binciko wanda ke da iko a kan wayar wuta.

Mun fita da tunanin da yawancinmu ke da shi, cewa duk abin da ya shafi wuta na NEPA ne. To NEPA ta daɗe da tafiya. A 2005 aka yi dokar da ta mayar da ita PHCN, a watan Nuwamban 2013 kuma aka fara miƙa rarraba wuta ga kamfanoni 11 masu zaman kansu. Legas tana da biyu, na Ikeja da na Eko. Kano da Katsina da Jigawa suna ƙarƙashin KEDCO, Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Zamfara kuma suna ƙarƙashin kamfanin Kaduna. Muka fara da ofishin kamfanin da ke kula da yankinmu. Jami'in da muka samu ya saurare mu, ya ɗauki biro ya ja layi a takarda. Ya ce daga taransifoma zuwa turke, daga turke zuwa mita, wannan nasu ne, kuma duk wanda ya taɓa ba da izininsu ba ya yi laifi. Daga bayan mita zuwa cikin shago kuwa, na mai shago ne. Abin da za su nema kawai, in muna son kowane shago ya samu mitarsa, shi ne takardar neman sabon haɗi mai ɗauke da sa hannun ɗan kwangilar wuta mai lasisi. Muka ce wa ke ba da lasisin? Ya ce wata hukumar tarayya ce, NEMSA. Ranar muka fara jin sunan.

Kafin mu kai ga neman NEMSA, sai ga wasu mutum uku sun zo layin sanye da riguna masu sheƙi, suka ce daga kansul suke, sun zo karɓar kuɗin binciken waya, shago ɗaya kaza. Har wasu daga cikinmu sun fara laluben aljihu, don mun saba, baƙo a gari in an ce kawo sai ya kawo don a zauna lafiya. Muka roƙe su cikin ladabi su nuna mana takardar da ta turo su da irin rasit ɗin da za su ba mu. Suka ce za su dawo da su gobe. Har yau goben ba ta yi ba. Washegari muka je sakatariyar ƙaramar hukuma da kanmu, tare da wakilin Babaloja na kasuwar. Wanda ya karɓe mu ya ce ba su tura kowa ba, kuma duba waya ba ya cikin aikinsu. Ya bayyana mana cewa abin da kundin tsarin mulki na 1999 ya ba ƙananan hukumomi, a jadawalinsa na huɗu, ya haɗa da kafa kasuwanni da tashoshin mota da kula da su, da sa ido kan shaguna da kes-kes, da fitilun kan titi. Wato kuɗin shago da izinin zama a kasuwa nasu ne, suna kuma iya rufe shagon da ya saɓa wa ƙa'idar kasuwa. Amma kaurin wayar da za ka sa da wanda ya cancanci ya sa ta, ba su ke faɗa ba. A Legas, inda ake da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37, kowanne da nasa rasit da nasa ma'aikata, sanin wannan iyaka kaɗai zai tsare wa mutum kuɗi mai yawa.

Shi ne kuma ya tuna mana da abin da muka manta. Ya ce tunda za ku sake ɗora bango da rufi, wannan gini ne, gini kuwa na gwamnatin jiha ne. Mun yi mamaki, don mun ɗauka wanda ya ba ka shago shi ke da ikon cewa ka gyara. Ashe tun 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Shi ya sa kundin ƙa'idojin gini na ƙasa da aka fitar a 2006 ba ya hawa kan kowa kai tsaye sai jiha ta ɗauke shi ta sa a dokarta. A nan Legas, LASPPPA ce ke ba da izinin gini, LASBCA kuma ita ke bin aikin mataki-mataki har ta ba da shaidar cewa ginin ya kammala kuma ya dace a shiga. Ban da su akwai hukumar kiyaye haɗurra ta jiha da hukumar kashe gobara, waɗanda ke da ta cewa a wuraren da jama'a ke taruwa kamar kasuwa. Wannan zagayen shi ya cinye mana kusan wata biyu. Wanda ya taɓa gini a garinsu ya zo yana cewa ai mu can ba a yin haka, gaskiyarsa, can ba nan ba ne. Kowace jiha da nata hukumomin da yadda take tsanantawa.

Sai NEMSA. Hukuma ce ta tarayya da aka kafa da dokar 2015, shugabanta shi ake kira babban sufeton lantarki na tarayya. Aikinta shi ne tabbatar da an bi ƙa'idojin fasaha a harkar wuta: duba sabon aiki da gwada shi kafin a sakar masa wuta, gwada mitoci, da ba masu aikin wayarin takardar shaidar ƙwarewa. Ƙa'idojin da take aiki da su suna cikin wani kundi da hukumar NERC ta fitar a 2015, wanda ake kira NESIS. Ita kuma wayar kanta da soket da sauran kayan da ake saya a kasuwa, ingancinsu yana hannun wata hukumar daban, SON, mai tambarin MANCAP a kan kayan da aka ƙera a gida da takardar SONCAP ga waɗanda aka shigo da su. Ku lissafa da kyau: kamfanin rarraba wuta, ƙaramar hukuma, hukumomin jiha, NEMSA, SON. Waya ɗaya, masu iko biyar, kowa da gaɓar da ya riƙe.

Muna cikin murnar mun gane kan abin, sai wani ɗan uwanmu mai harkar shanu tsakanin nan da Inugu ya kawo wata matsalar. An daɗe ana kawo masa takardar kuɗin wuta ta ƙiyasi a gidan da yake haya a can, ya kai ƙara ofishin kamfani bai gamsu ba, sai ya ce mu rubuta masa takarda zuwa NERC a Abuja, kamar yadda muka taɓa yi wa wani shekarun baya. Da muka bincika, sai muka tarar hanyar ta canza, kuma canjin ya shafe mu duka.

A da, jiha ba ta da ikon yin doka kan wuta sai a wuraren da babban layin ƙasa bai kai ba. A watan Maris na 2023 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran kundin tsarin mulki da ya cire wannan shinge. A watan Yuni na shekarar Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar lantarki da ta maye gurbin ta 2005. Abin da ta tanada shi ne, duk jihar da ta yi tata dokar, ta kafa tata hukumar, ta sanar da NERC, to za a miƙa mata kula da kasuwar wutar cikin jiharta, kamfanin rarraba wuta kuma ya buɗe reshe na musamman da zai karɓi lasisi daga jihar. Inugu da Ekiti da Ondo su suka fara, a watan Afrilun 2024. Imo da Oyo da Edo da Kogi suka biyo baya a cikin shekarar. Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sa hannu a dokar lantarki ta Legas a watan Disamban 2024, a watan ne kuma NERC ta ba da umarnin miƙa Legas ga hukumar jiha mai suna LASERC, haka ma Ogun ga tata. Jihar da ba ta ɗauki wannan mataki ba, tana nan a hannun NERC kamar da.

Ma'anar wannan ga ɗan kasuwa a fili take. Ɗan uwanmu na Inugu, hukumar jihar Inugu zai kai wa kukansa. Mu a nan, in kamfani bai share mana hawaye ba, hukumar jihar Legas za mu nufa. Wanda ke Sabo a Ibadan, ta jihar Oyo. Wanda ya ƙetara Berger ya yi gida a Mowe ko Ibafo, ko da kullum a Legas yake wuni, dokar Ogun ce a kansa. Har farashi ya fara bambanta. Hukumar Inugu ta rage wa 'yan rukunin A, wato masu samun wuta aƙalla awa 20 a rana, daga naira 209 zuwa 160 kan kowane yunit daga ranar 1 ga Agustan 2025, abin da ya jawo ka-ce-na-ce tsakaninta da NERC da kamfanonin samar da wuta, saboda wutar daga babban layin ƙasa take zuwa, shi kuwa har yanzu na tarayya ne. Mu da rayuwarmu ta ginu a kan zirga-zirga, iyali a jiha ɗaya, shago a wata, kaya a ta uku, ba za mu ƙara ɗauka cewa abin da muka sani a wuri ɗaya shi ne a ko'ina ba.

Da muka kai wannan bayani gaban taro, wani ya ce wannan ai ruɗanin Najeriya ne kawai, a ƙasashen da suka ci gaba doka ɗaya ce. Sai mataimakin shugaba ya kunna mana saƙon murya daga ƙanensa da ke aikin wayarin a Amurka, wanda ya tura masa tambayar tun da farko. Ya ce su ma haka suke, har ma sun fi. Akwai kundin ƙa'idojin wayarin da kowa ya sani, wanda wata ƙungiyar yaƙi da gobara mai zaman kanta, NFPA, ke sabuntawa duk shekara uku. Amma ba dokar tarayya ba ne, ba ya aiki sai jiha ko birni ya ɗauke shi. Wata jihar tana amfani da bugun 2023, maƙwabciyarta tana kan na 2020 ko wanda ya girme shi. Wasu jihohin sun bar wa birane da gundumomi su zaɓa, manyan birane irin su Chicago da New York kuma suna da nasu gyare-gyaren. Ya ce lasisin da ya samu a jiha ɗaya ba lallai ya yi masa aiki a wata ba, don haka kafin ya taɓa waya a sabon gari, tambayar farko da yake yi ita ce wane ofishi ke da iko a nan kuma wane bugu suke bi. Bambancinmu da su, in ji shi, shi ne can sufeto zai zo ya duba kafin a rufe bango, in bai sa hannu ba babu mai haɗa maka wuta. Ɗakin taro ya yi tsit, domin kowa ya san a shekarun da layinmu ya yi, babu wanda ya taɓa leƙa silin ɗinmu.

Nan ne dattijon nan ya sake magana, kuma ba za mu ɓoye ba, maganarsa tana da nauyi. Ya ce, “Sakatare, na ji duk hukumomin nan. Amma mutum uku sun rasa jarinsu. Kuɗin da za ku ba mai lasisi da kuɗin waya mai tsada, in aka raba musu, gobe za su buɗe shago. Wanne ya fi?” Muka ce, “Baba Alhaji, gaskiya ne, kuma ba mu da amsar da za ta sa asarar ta yi sauƙi. Amma in muka mayar da irin wayar da ta ƙone, jarin da za mu ba su a ƙarƙashinta za su ajiye shi.” An yi ta muhawara har dare. A ƙarshe aka amince a yi duka biyun gwargwadon hali: a yi wayarin na ƙwarai, a kuma sake zagayawa don tallafa wa waɗanda suka yi asara. Dalilin karɓar kuɗi karo na biyu ke nan. Tallafin bai kai rabin abin da suka rasa ba, kuma ɗaya daga cikinsu ya koma gida bai dawo ba tukuna. Wannan yana damunmu har yanzu.

Mai lasisin da muka ɗauka, wanda muka ga takardarsa ta NEMSA da idonmu kafin a yi ciniki, ya koya mana abubuwan da ya kamata a ce mun sani tuntuni. Ranar sayen kaya ya ɗauki wata waya mai araha ya kankare bakinta da wuƙa a gabanmu, sai ga fari ya bayyana a ƙarƙashin ja. Alminiyon ne aka shafa wa ruwan jan ƙarfe. Ya ce irin wannan ba ta ɗaukar nauyin da aka rubuta a jikinta, tana zafi, tana kuma saki a wurin ɗauri. Ya ce waya mai kaurin milimita 1.5 ta ƙwan fitila da fanka ce, soket yana son 2.5, abu mai jan wuta sosai kamar hita ko na'urar sanyaya ɗaki kuma a ja masa tasa wayar daban mai kaurin 4 ko sama. Ya bayyana mana dalilin da ya sa gobara ta fi tashi lokacin da aka dawo da wuta: firiza tana jan wuta ninkin-ba-ninkin a daidai lokacin da injinta ke tashi, to in guda uku suka tashi tare da hitar da aka manta a kunne, a kan siririyar waya mai ɗauri goma, ɗaurin da ya fi sako-sako shi zai fara yin ja. Fis ko bireka aikinsa ya yanke wutar kafin a kai nan. Wanda ya cire fis ya sa waya mai kauri, ya kori mai gadi ne don yana tashinsa daga barci.

Yanzu kowane shagon da ya shiga tsarin yana da mitarsa da akwatin birekarsa. An binne sandar jan ƙarfe a ƙasa an haɗa ta da kowane soket, an sa na'urar da ke katse wuta nan take in ta fara zurarewa ta jikin ƙarfe ko jikin mutum. Wayoyi suna cikin bututu, babu ɗauri a cikin silin. Masu janareto an sa musu makunnin sauya layi, domin janareton da aka cusa kai tsaye a soket yana iya mayar da wuta kan layin waje ya kashe ma'aikacin da ke kan turke yana zaton babu wuta. An gwada aikin, an ba mu takarda, kwafinta yana ofishin ƙungiya.

Yaron nan namu mai gyaran wuta ba mu kore shi ba, don ba shi kaɗai ya yi laifin ba. Sau nawa ya ce a sayi waya mai kyau muka ce ta yi tsada, ya lallaɓa kawai? Shi ya yi aikin a ƙarƙashin mai lasisin daga farko har ƙarshe, kuma ƙungiya ta yi alƙawarin taimaka masa ya nemi tasa takardar shaidar. Muna da matasa da yawa masu wannan sana'a a Agege da Mile 12 da Idi-Araba, hannunsu yana da kyau, takarda ce babu. In suka samu, aikin da ake ba wasu su za a ba, mu kuma mun huta da neman na waje.

Abin da muke roƙon kowa ya riƙe daga wannan dogon bayani kaɗan ne. In wani ya zo maka da maganar wuta yana neman kuɗi, tambaye shi cikin mutunci daga wace hukuma yake, ta tarayya ko ta jiha ko ƙaramar hukuma ko kamfani, ya nuna katin aiki, kuma kuɗin a biya a asusun hukuma a karɓi rasit. In ba ka gane ba, ka ce ya jira ka kira shugabannin ƙungiya, matambayi ba ya ɓata. Kada kuma wannan ya sa mu raina ma'aikacin gaskiya in ya zo da takardarsa, shi ma aikinsa yake yi, kuma don lafiyarmu ne. In za ka buɗe shago ko ka yi gini a wata jiha, ka tambayi 'yan uwa na can yadda dokarsu take kafin ka zuba kuɗi. In kana da ƙorafi kan mita ko kuɗin wuta, fara da ofishin kamfani a rubuce, ka riƙe kwafi, sannan ka bincika ko jiharka ta karɓi ikon ko har yanzu NERC ce.

Bayan duk yawon nan, abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne layin da jami'in nan ya ja da biro a ranar farko. Hukumomi biyar muka zaga, kowacce da iyakarta, amma a daren da abin ya faru babu ko ɗaya a cikin silin ɗinmu. Abin da ke ciki shi ne wayar da muka saya da kuɗinmu da ɗaurin da muka yarda aka yi. Yaron da ya ƙone yana samun sauƙi, ya koma shago, sai dai yatsunsa biyu ba sa miƙewa sosai, kuma kullum muna gaisawa da shi.

Har yanzu akwai shaguna huɗu a layin da masu su suka ce ba su da halin shiga tsarin, suna nan a kan tsohuwar waya, rufinsu kuma haɗe yake da na kowa. Ba mu kawo wannan don tozarta kowa ba, mun san yadda kasuwa take a bana. Za a tattauna yadda za a ba su rance daga asusun ƙungiya su biya a hankali, a taron wata da za a yi ranar Lahadi bayan la'asar a inda aka saba. Sauran layuka da sauran garuruwa kuma, in gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ku samu tsani da tocila ku leƙa silin ɗinku a wannan makon, abin da kuka gani ku zo mu yi magana.

Allah ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri, ya ba yaronmu lafiya, ya kiyaye na gaba.

Sakatare, a madadin shugabannin ƙungiya.